BAƘIN DA KE SAUKA A BAKIN RUWA: JAWABI KAN AIKIN MALAMIN TSUNTSAYE



Jawabin wannan wata a kan wata sana'a ce wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Kowa ya san malamin gona. Kowa ya san malamin dabbobi da malamin daji. To, akwai kuma malamin tsuntsaye. Aikinsa shi ne ya bi bakin ruwa, ya duba tsuntsaye, ya ƙirga su, ya rubuta, sa'an nan ya yi ƙoƙarin kare su kada su ƙare.

Wani zai yi dariya ya ce wannan ai aikin wanda ya rasa abin yi ne. A yi haƙuri a saurara tukuna.

Su wane ne waɗannan baƙi?

Duk wanda ya je madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam da sanyin hunturu, ko ya bi ta bakin wani tafki da bai ƙafe ba, zai ga tsuntsaye iri iri. Wasu 'yan gida ne, kullum suna nan, kamar balbela da zalɓe da kirinjijiya. Amma idan ya lura da kyau, zai ga wasu ƙanana masu launin ƙasa. Suna da dogayen ƙafafu sirara da dogon baki. Suna gudu a kan taɓo suna caka bakinsu, suna neman tsutsa da ƙwari. Waɗannan su ake kira tsuntsayen bakin ruwa.

Yawancinsu ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Baƙi ne. Suna yin sheƙa a can arewacin duniya, a ƙasashen Turai da arewacin Rasha. A can, wajen watan Yuni, ana samun wuraren da rana ba ta faɗuwa dare da rana, ƙwari kuma su yi yawa. A lokacin suke yin ƙwai su rena 'ya'yansu. Da sanyi ya matso, ruwa ya fara daskarewa ya zama ƙanƙara, sai abinci ya yanke. Sai su taso su yo kudu.

Suna ƙetare teku, su ƙetare Hamadar Sahara, su iso ƙasar Hausa wajen watan Satumba da Oktoba, daidai lokacin kaka. Su yi hunturu a nan. Wajen Maris da Afrilu, da zafin bazara ya kama, sai su juya gida. Wato dai 'yan cirani ne. Ba su tsayawa a Kongolam a duba musu takarda, domin tsuntsu bai san iyakar ƙasa ba.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantarsu. Akwai wani daga cikinsu wanda nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ɗaya ba, amma yana yin wannan tafiya sau biyu kowace shekara. Akwai kuma wani da Turawa ke kira raf. Namijinsa yakan fito da gashi mai ado a wuya idan lokacin aure ya yi a can ƙasarsu. A nan kuwa da tufafin aiki yake zuwa, ba ado. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a fadamun arewacin Nijeriya.

Dattawan ƙasar Daura sun san ayarin fatake da na Buzaye masu kawo gishiri da kanwa. Ayari ba ya tafiya sai da zango, inda za a sauke kaya, a sha ruwa, raƙuma su yi kiwo. Idan rijiyar zango ɗaya ta ƙafe, ayari duka ya shiga haɗari. Haka abin yake ga waɗannan tsuntsaye. Tafkunan ƙasar nan da fadamunta su ne zangonsu. Kafin su tunkari hamada sai sun ci sun yi kitse, domin kitsen nan shi ne guzurinsu. Wanda bai samu ya ƙoshi ba, a cikin rairayi zai faɗi.

Yadda aka gano sirrin tafiyarsu

A da, mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba. Har wasu suna cewa cikin taɓo suke shiga su yi barci. A shekarar 1822 aka harbo wani babban tsuntsu fari, ɗan'uwan shamuwa, a ƙasar Jamus. Sai aka ga mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Ashe an jefe shi a Afirka bai mutu ba, ya tashi da mashin har Jamus. Har yanzu gawarsa tana ajiye a jami'ar garin Rostok. Wannan ya nuna wa mutane inda tsuntsayen ke zuwa.

A shekarar 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, ya fito da dabara. Ya riƙa sanya wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe marar nauyi a ƙafa. A jikin zoben akwai lamba da adireshi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun sai ya aiko da labari. Har yau da wannan dabara ake aiki.

Yanzu kuma an samu wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa tsuntsu a baya, tana nuna duk inda ya bi. Da ita aka gano cewa a shekarar 2022 wani tsuntsun bakin ruwa ya tashi daga Alaska ta ƙasar Amurka, bai sauka ba sai a wani tsibiri na ƙasar Ostireliya. Ya yi kwana 11 a sama, ya ci fiye da kilomita 13,000, ba ci ba sha. Ikon Allah ya wuce tunani.

Yadda malamin tsuntsaye ke aikinsa

Idan malamin tsuntsaye ya zo gari, ba ya zarcewa bakin ruwa kai tsaye. Sai ya fara zuwa ya gai da dagaci ko mai unguwa, ya nemi sarkin ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Sau da yawa masunta su ne malamansa na farko. Su suka san inda tsuntsaye ke kwana, su suka san inda taɓo ke cin mutum.

Da asuba yake fita, domin da sassafe tsuntsaye suka fi kiwo, kuma idan rana ta take ba a gani sosai daga nesa. Kayan aikinsa ba su da yawa: madubin hangen nesa na ratayawa a wuya, da wani babba mai ƙafa uku, da littafin hotunan tsuntsaye, da takalmin roba, da gorar ruwa. Amma babban makaminsa shi ne littafin rubutu da fensir. Fensir ya fi biro a wannan aiki, don ko takarda ta jiƙe rubutun ba ya narkewa.

Ba ya sa fararen kaya masu ɗaukar ido, ba ya hayaniya. Yakan tsaya nesa, rana tana bayansa. Abu na farko da zai rubuta shi ne kwanan wata, da sunan wurin, da ƙarfe nawa, da yawan ruwan da ya tarar. Sa'an nan ya fara ƙirga.

To, yaya ake ƙirga tsuntsu dubu, ga shi ba su tsayawa wuri ɗaya? Ga yadda ake yi. Idan ba su da yawa, ɗaya bayan ɗaya ake bi. Idan garke ne babba, sai ya ƙirga goma, ya riƙe girman wurin da goman nan suka cika a idonsa. Daga nan sai ya riƙa auna garken da wannan ma'auni: goma, ashirin, talatin, har ƙarshe. Idan sun yi yawa ƙwarai, sai ya yi da hamsin hamsin ko ɗari ɗari. Kamar dai yadda mai awo ke auna hatsi da tiya, ba ya ƙirga ƙwaya. Galibi mutum biyu ke yi, kowa ya yi nasa, sa'an nan a gwada. Kuma kowane iri dabam ake rubuta shi.

Sharaɗin aikin shi ne gaskiya. Idan ya je bai ga ko tsuntsu ɗaya ba, sai ya rubuta sifiri. Wannan sifirin ma labari ne. Wanda ya ƙara lamba don a yabe shi ya ɓata aikin mutane da yawa.

Ba shi kaɗai ke wannan ƙidaya ba. Tun shekarar 1967 ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu. An zaɓi wannan lokaci ne don tsuntsayen sun zauna wuri ɗaya, ba su kan hanya. Yau ƙasashe fiye da 100 ke shiga, har da Nijeriya da Nijar. Idan aka haɗa lissafin kowa, sai a san irin da ke ƙaruwa da irin da ke raguwa.

Abokan aikinsa na bakin teku

Daga Daura zuwa bakin teku a Legas ya fi kilomita 1,000 a mota. Amma yana da kyau a san yadda aikin yake a can, domin dangin tsuntsayen nan da yawa gaɓar teku suke bi.

Ruwan teku ba kamar na tafki ba ne. Tafki sannu a hankali yake janyewa, daga kaka zuwa bazara. Teku kuwa, a yawancin wurare, sau biyu yake cikowa ya janye a kowace rana. Idan ya janye sai ya bar fili na taɓo, tsuntsaye su bazu suna kiwo. Idan ya ciko sai su taru wuri ɗaya a kan tudu. A wannan lokaci ne ake ƙirga su. Saboda haka malamin tsuntsaye na bakin teku ba agogon ofis yake bi ba, cikowar ruwa yake bi. Wanda ya yi sakaci a tsakiyar taɓo, ruwa na iya rutsa shi.

A ƙasar Muritaniya akwai wata gaɓa da ake kira Argin, inda hamada ta haɗu da teku. An keɓe ta tun shekarar 1976. An sha ƙirga tsuntsayen bakin ruwa wajen miliyan 2 a wurin da hunturu.

A wasu gaɓoɓin kuma, kamar na Amurka da Turai, akwai masu gadin sheƙa. Waɗannan tsuntsaye ba a kan itace suke sheƙa ba. A ƙasa suke yin ɗan gurbi su zuba ƙwai, ƙwan kuma launinsa ya saje da yashi. Mutum zai iya taka shi bai sani ba. Sai ma'aikacin ya nemo sheƙar, ya kewaye wurin da igiya, ya kafa allon gargaɗi, wani lokaci ya kifa kejin waya don kare ƙwan daga dila da hankaka. Ya riƙa zagayowa har 'ya'yan su tashi. Makiyayan ƙasar nan sun san irin wannan a wurin ƙeƙuwa, wadda ke ƙwai a ƙasa, ta tashi da kururuwa idan an matso.

Maganar zobe

Ba kowa ke da izinin kama tsuntsu ya sa masa zobe ba. Sai wanda aka horar. Da wata raga mai laushi ake kama su, galibi da dare ko da asuba. A auna nauyi, a auna fiffike da baki, a sa zoben, a rubuta lambar, a sake shi nan take.

Zoben nan ba tsafi ba ne, ba laya ba ce, ba kuma kayan leƙen asiri ba ne. A shekarar 2013 a ƙasar Masar an taɓa kai wani tsuntsu ofishin 'yan sanda saboda an ga na'ura a bayansa. Da aka bincika, sai aka tarar ta masu nazarin tsuntsaye ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

A nan ne karatu ke da rana. A jikin zoben akwai haruffan boko da lambobi, da sunan wani birni kamar London, Paris ko Moskva. Wanda ya iya karatu zai iya kwafe su. Ɗan rubutun nan zai iya sanar da duniya cewa tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a Rasha ya sha ruwa a ƙasar Daura.

Wahalar aikin

Aikin nan ba na mai son jiki ba ne. Akwai sanyin asuba da ƙurar hunturu. Akwai sauro da zazzaɓin cizonsa. Akwai cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. Akwai tafiya a taɓo har gwiwa, da kwana a ƙauyen da ba a san kowa ba. Ga nisa da iyali, kuɗin kuma ba mai yawa ba ne. Sa'an nan amfanin aikin ba ya fitowa a shekara ɗaya. Sai an yi shekara goma ko ashirin ana ƙirga wuri ɗaya kafin a ga inda aka dosa. Aiki ne na mai haƙuri.

Mene ne amfanin duk wannan?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Tsuntsu ba ya sauka sai inda akwai abinci. Inda ya samu tsutsa da ƙwari da ƙananan kifi, ruwan nan yana da rai. Idan tsuntsaye suka daina zuwa wurin da suka saba, to wani abu ya sami ruwan: ko ya ragu, ko yashi ya cike shi, ko guba ta shiga. Ruwan nan kuwa shi ne na masunci, da mai lambu, da makiyayi, da mai ɗiba ta kai gida. Abin da ya kori tsuntsu yau, shi zai kashe kifi gobe.

Ga misali a kusa, gabas da Daura. Fadamar Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, tana cikin manyan zangon tsuntsaye a Afirka ta Yamma. Dubban iyalai suna cin abinci a cikinta ta noman shinkafa, da su, da kiwo. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Madatsun sun amfani Kano da ruwan sha da noman rani. Amma ambaliyar da ke cika fadamar kowace damina ta ragu, ga kuma farin 1973 da na 1984. Daga baya ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

A shekarar 1987 aka fara wani shiri na kula da wannan fadama. Ma'aikatansa suka riƙa ƙirga tsuntsaye suna auna faɗin ruwa. A watan Janairu na 1997 an ƙirga tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a wurin. Da irin waɗannan lambobi aka riƙa kira ga hukuma ta sako ruwa daga madatsu a lokacin da ya dace. Akwai wata yarjejeniya ta duniya da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Ta ce duk dausayin da ya saba tara tsuntsayen ruwa 20,000 ya cancanci kulawa ta musamman. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru a wannan jeri, na farko a Nijeriya. Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe suka biyo baya a 2008. Ba don an ƙirga an rubuta ba, da babu hujjar da za a nuna.

Kada a ɗauka cewa tsuntsu ba ya ƙarewa. A tambayi dattawa labarin gauraka. A da ana ganinsa garke garke a fadamu. Yau da wuya a gan shi a dajin Nijeriya, saboda kamu don sayarwa da kuma bushewar fadamu. Yara da yawa sunansa kawai suka sani. Akwai kuma wani tsuntsun bakin ruwa mai lanƙwasasshen baki siriri, wanda ke hunturu a arewacin Afirka. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi masa shi ne a ƙasar Maroko a 1995. A 2024 masana suka ba da sanarwar cewa ya ƙare a duniya. Ba mai sake ganinsa.

Dole a faɗi gaskiya, wasu tsuntsayen ruwa sukan taɓa shinkafa. Kirinjijiya tana ci, raf ma yana tsintar ƙwaya, galibi wadda ta zube bayan girbi. Amma kada a haɗa su da jan baki mai cinye gona. Da yawansu ƙwari da tsutsa suke ci. Balbela da shamuwa kuwa mataimakan manomi ne wajen cin fara. Tun kaka da kakanni ba a taɓa sheƙar shamuwa a gari. Ita ma matafiyiya ce: a nan take haihuwa da damina, da rani ta tafi kudancin Afirka. Yadda ake son mutanen can su bar ta ta dawo lafiya, haka mutanen arewacin duniya ke jiran nasu su koma.

Abin da ake roƙon jama'a

Na ɗaya. Kada a zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi, kada kuma a barbaɗa hatsi mai guba don kama tsuntsaye. Gubar ba ta tsayawa a kansu. Tana shiga cikin wanda ya ci naman.

Na biyu. Kada a wanke tankin feshi a tafki ko a madatsa.

Na uku. A hana yara harbin tsuntsaye da danƙo don wasa, da kwashe ƙwai a sheƙa.

Na huɗu. Wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe, ya kwafe duk abin da ke jikin zoben. Ya rubuta ranar, da sunan wurin, da ko yana da rai ko matacce ne. Idan yana da rai a sake shi da zobensa. A kai takardar ga malamin daji ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Na biyar. Idan aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, kada a taɓa, kada a ci, kada a bar kaji su je wurin. A sanar da mai unguwa da malamin dabbobi da gaggawa. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006, ta jawo asarar kaji masu yawa, kuma takan kama mutum.

Na shida. Wanda ke zaune kusa da ruwa ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar da ya fara ganin baƙin tsuntsaye, da ranar da suka tafi, da ranar da shamuwa ta sauka, da ranar da tafki ya ƙafe. Bayan 'yan shekaru littafin nan zai zama abin dubawa ga gari duka.

Iyaye kuma su sani cewa wannan ilimi ne da ake karantawa har jami'a, maza da mata. Yaron da ke son sa sai ya dage da lissafi da kimiyya. Ana koyar da ilimin halittu a jami'o'in Katsina, Kano da Zariya. A kusa da Jos akwai cibiya ta musamman ta nazarin tsuntsaye, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ta horar da 'yan Nijeriya da yawa. Ɗan masunci ko ɗan makiyayi da ya taso yana kallon daji ya riga ya yi rabin karatun.

Makiyayi na kirki ba ya kwanciya sai ya duba garkensa ya ga ko wata ta ɓata. Malamai kuma sun karantar da cewa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya duba rundunar tsuntsaye har ya gane alhudahuda ba ya nan. Malamin tsuntsaye ma abin da yake nema ke nan: ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, tun da sauran lokacin gyara. Idan kun gan shi a bakin ruwa da madubinsa da littafinsa, ku yi masa sannu da aiki, ku faɗa masa abin da kuka sani.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika tafkuna, ya kare dabbobi da amfanin gona.